Yadda Ake Koya wa Ɗan Bahaushe Karatun Turanci: Daga Sautin Harafi Zuwa Jimla

Yaro kan rera A, B, C har Z ba tuntuɓe, ya haddace "si, e, ti, *cat*" kamar ruwa, amma ka rubuta masa *mat* a allo ya tsaya yana kallonka. Sunayen haruffa aka ba shi, alhali da sautinsu ake haɗa baƙi. Ka maimaita "si, e, ti" sau ɗari da sauri, ba za su taɓa dunƙulewa su zama *cat* ba. Wannan shi ne gurbin da foniks ke cikewa, wato koyar da karatu ta hanyar sauti.

Turanci yana da haruffa 26, sautukansa kuwa sun kai 44. Hausar boko ba ta da wannan rigima, kusan kowane harafi da sautinsa. Saboda haka yaron da ya iya karanta Hausa ya riga ya riƙe rabin aikin: ya san harafi sauti yake wakilta. Sauran rabin kuma ana iya hango shi tun daga nesa, domin kurakuran da Bahaushe ke yi a Turanci ba da ka suke zuwa ba. Dubi abin da bakinmu ya yi wa kalmomin aro. *Pump* ta zama famfo, *driver* ta zama direba, *bread* ta zama burodi, *bucket* ta zama bokiti. Abin da ya faru da kalmomin nan huɗu shi zai faru a bakin ɗalibinka, kuma a kansa ya kamata ka gina darasi.

Abin da za a tanada

Kwalin taliya ko na sabulu guda biyu, almakashi, da maka (alƙalami mai kaurin baki) baƙa da ja. Yanka kati 42, adadin sautukan da tsarin Jolly Phonics ke koyarwa, kowanne kamar faɗin tafin hannu, ka rubuta sauti ɗaya a kowane kati da ƙaramin harafi. Baƙaƙe da baƙar maka, wasula da ja. Manyan haruffa su dakata tukuna, domin galibin abin da yaro zai karanta da ƙanana aka rubuta shi. Nemi murfin kwalbar lemo guda uku ga kowane yaro, guntun madubi ɗaya, allo da alli. In aji ne babba, katin malami ya kai girman littafin rubutu don na baya su gani.

Darasi kada ya wuce minti 25, amma ya zama kullum. Minti 3 bitar katunan baya, minti 5 sabon sauti, minti 7 haɗa baƙi, minti 7 shifta, minti 3 kalmomin da ba sa bin ƙa'ida. Awa biyu ranar Asabar kaɗai ba ta kamo ƙafar wannan.

Mataki na farko: sauti tsurarsa

Kada ka bi jerin A, B, C. Da *a, b, c, d* kalmomi ƙalilan ake iya ginawa. Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malaman firamare da yawa a kansa a Najeriya, ya kasa sautuka 42 gida bakwai, kuma da *s, a, t, i, p, n* yake farawa. Da shidan nan kaɗai yaro zai karanta *sat, sit, pin, pan, tin, tap, nap, ant*. Gida na biyu *c* da *k, e, h, r, m, d*. Na uku *g, o, u, l, f, b*. Sauran gidaje huɗun yawanci sautukan da ake rubutawa da harafi biyu ne, irin su *ai, oa, ee, ng, ch, sh, th, ou*, tare da ragowar haruffa.

Sauti huɗu a mako, rana ta biyar bita. A lissafi mako 11 ya isa, kusan zangon karatu ɗaya, amma ka ware mako 14 ko 15, domin akwai sautukan da za su ci maka kwana uku maimakon ɗaya.

Ga yadda ake gabatar da kowane sauti. Ɗaga katin ka furta sau uku, yara su maimaita. Faɗi kalma huɗu, uku masu sautin ɗaya babu, su ɗaga hannu in sun ji shi. Sai su rubuta harafin a iska da yatsa, sannan a ƙasa ko a allo, suna furtawa suna rubutawa.

Babban tarkon yana nan. Mun saba da "ba, be, bi, bo, bu", baƙi ba ya fita bakinmu sai da wasali a bayansa. Malami sai ya ce "sa, a, ta", yaro ya haɗa ya samu "sa'ata" maimakon *sat*. Dole baƙin ya fito tsirara. *S, n, m, f, l, r* ana iya jan su: sss, nnn, mmm. *T, p, k* kuwa ba sa jawuwa, a fitar da su a gajarce cikin raɗa, ba murya. Wanda ya yi makarantar allo ya san matakin babbaƙu kafin farfaru. Bambancin shi ne a nan ba sunan baƙin ake so ba, ƙararsa ake so.

Harafin *c* yana buƙatar gargaɗi tun ranar farko. A Hausa *c* ta cokali ce, don haka mai karatun Hausa zai karanta *cat* kamar *chat*. Gaya masa kai tsaye: a Turanci *c* ita kaɗai *k* ce, sai ta haɗu da *h* take komawa ta cokali. Cewa tana zama *s* a gaban *e, i, y*, kamar a *city* da *face*, a bar shi sai nan gaba.

Mataki na biyu: haɗa baƙi

Da zarar an sami sauti huɗu ko biyar, a fara haɗawa. Kada a jira a gama duka.

Jera kati uku a tebur da tazara: *s, a, t*. Taɓa kowanne ka furta. Matso da su kusa ka sake furtawa ba tare da yanke numfashi ba: sssaaat. Sannan ja yatsa a ƙarƙashinsu daga hagu zuwa dama ka faɗi kalmar. Fara da kalmomin da sautinsu na farko ke jawuwa, *sat, sit, nap, man*, sun fi *tap* da *pin* sauƙin dunƙulewa.

In yaro yana furta sautukan daidai amma kalmar ta ƙi fitowa, yi amfani da sabon da ya yi da gaɓar Hausa. Ya haɗa biyun farko su zama "sa", sai ya rufe da *t*. Daga nan ka riƙa canza katin ƙarshe, na farko ko na tsakiya: *sat, sap, tap, tip, tin, pin*. Kati ɗaya kawai ke sauyawa a kowane zagaye, ta haka idonsa ke koyon duba kowane harafi.

Sai wasalin da ke maƙalewa a ƙarshe, irin na bokiti da gilashi: yaro ya ce "sati", "pini". Maganin yana cikin Hausar kanta. Kalmomin amsa-kama suna rufewa da baƙi: fari fat, ɗaya tak, shiru tsit, ja wur. Ba wanda ke cewa "fari fati". Sa shi ya ce "fat", sannan *sat, mat, hat*. Ya ce "tak", sannan *back, sack*. Ya ce "tsit", sannan *sit, hit*.

Shifta ita ce kishiyar haɗawa, kuma a nan murafan kwalba ke aiki. Ka ce *pan*. Yaro ya tura murfi ɗaya gaba ga kowane sautin da ya ji, uku ke nan, sannan ya rubuta harafi a gurbin kowane murfi. Kullum a yi sauti uku, kalma uku, in an yi nisa a ƙara jimla ɗaya.

Yaran da suka fara da karatun Larabci idonsu ya saba tasowa daga dama. Za ka ga *was* ta zama *saw*, *on* ta zama *no*, *tap* ta zama *pat*. Ɗiga jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, ka ce daga nan ake tashi. Mako biyu ko uku yakan wadatar. Rikicin *b* da *d* kuma a raba shi ta hannun rubutu: *b* da sanda ake fara ta, *d* da zagaye. Kada a koyar da su a mako guda.

Sautukan da bakin Bahaushe bai saba da su ba

A nan ya kamata a zauna a daɗe.

*P* da *f*. Fetur, fensir, fenti, fasinja, fasfo, firamare: duk da *p* suka zo mana. *F* ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, tana tsakanin sautukan Turancin biyu, shi ya sa kunnen yaro ke jin *pan* da *fan* abu ɗaya. Fara da ido kafin kunne. Ba shi madubi. A *f* haƙoran sama na gaba suna sauka kan leɓen ƙasa, ana ganinsu, kuma ana iya jan sautin har numfashi ya ƙare. A *p* leɓɓa biyu na rufewa ruf, haƙori ba ya bayyana, iska ta taru ta fashe sau ɗaya. Yaron Islamiyya da aka koya wa mafitar ف a tajwidi ya riga ya mallaki *f* ta Turanci, tuna masa kawai za ka yi. *P* kuwa tana ɓoye a ƙarshen "kaf" da "tsaf" a bakin mutane da yawa, inda leɓɓa ke rufewa gaba ɗaya.

Kada ka gwama su da wuri. Koyar da *p* a gidan farko ta zauna daram, *f* ta zo a gida na uku, sannan a kara su da kalmomi biyu-biyu: *pan* da *fan*, *pin* da *fin*, *pull* da *full*, *cup* da *cuff*, *copy* da *coffee*. Ba kowane yaro kati biyu, *p* a dama, *f* a hagu. Ka faɗi kalma ka rufe bakinka da takarda, ya ɗaga katin da ya ji. Sai ya ci takwas cikin goma sannan ka matsa masa ya furta da kansa. Wanda bai ji bambanci ba ba zai faɗe shi ba, ko an yi ta daka masa tsawa.

*V* da *b*. Bidiyo, biza, talabijin. In *f* ta zauna, *v* ba ta da wuya: bakin yana nan yadda yake, murya kawai za a kunna. Ya ɗora yatsu a maƙogwaro ya ja fff, ba motsi. Ya ja vvv, ya ji ziza. Gwada *van* da *ban*, *vote* da *boat*, *very* da *berry*.

*Th* guda biyu ce. Marar ziza ta *thin* ita ce ث, mai ziza ta *this* ita ce ذ. Kan harshe ya leƙo tsakanin haƙora. In bai leƙo ba, *think* ta koma *sink*, *then* ta koma "zen". Madubi ya isa shaida.

Sai baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, abin da gaɓar Hausa ba ta yarda da shi ba. Shi ya mai da *bread* burodi, shi ke sa yaro ya ce "sitop" da "sukul". Hanya biyu ce. Ta farko, taso daga kalmar da ya iya: *top*, sai a ja sss a gaba a faɗa kanta, *stop*. Haka *pin* zuwa *spin*, *lip* zuwa *slip*, *rip* zuwa *trip*, *lap* zuwa *clap*. Ta biyu, nuna masa cewa a tsakiyar kalma yana yin wannan haɗin kullum. Ya ce "iska", sannan ya haɗiye *i* ɗin farko, saura "ska": ga *skip* da *skin*. Daga Mustafa a ciro "sta", daga Usman a ciro "sma". Awon nasara tafi ne: *stop* tafi ɗaya ce. In ya tafa biyu, wasali ya kutsa.

Wasula, da kalmomin da suka ƙi ƙa'ida

Gajerun wasula biyar su ne na *cat, pen, pin, pot, cup*. Na ƙarshen ne mai ruɗi, domin *u* ta *cup* ba ta kusa da *u* ta kunu. Ta fi kama da gajeren *a* na "kan". Kara *cap* da *cup*, *hat* da *hut*, *bag* da *bug*, sannan *pen* da *pin*.

Dogon wasali kuwa ba baƙo ba ne. Bahaushe ya san garin Kano daban, garin masara daban, tsawon wasali ya raba su, ko da yake rubutu bai nuna ba. Turanci yakan nuna: *ship* da *sheep*, *fill* da *feel*. Hattara da *ai*: ta *rain* ba irin ta "kai" ba ce. Sautin "kai" shi ne a *pie, night, my*, sautin "yau" kuma a *out* da *cow*. *Sh* da *j* ba su da matsala, irin namu ne.

*E* ta ƙarshe ba a furta ta, wasalin tsakiya take sauyawa. Yi ƙaramin kati mai *e*, ka riƙa liƙa shi kana cirewa: *hop, hope, cap, cape, kit, kite, cub, cube*.

Akwai kalmomin da suka fi kowa yawan fitowa amma rubutunsu ya kauce: *the, to, was, said, of, one, you, they*. Uku a mako. Kada a ce a haddace su ɗungurungum. A *said*, *s* da *d* lafiya lau suke, *ai* ce kawai ta yi gardama. Ja layi a ƙarƙashinta da jar maka, ita za a riƙe.

Harɗaɗɗun kalmomi

Yaro yakan ga *sunset* ya firgita da tsawonta, alhali ya iya *sun* ya iya *set*. Wannan ne amfanin farko na darasin harɗaɗɗun kalmomi, wato kalmomin da aka haɗa biyu suka zama ɗaya: gada ce daga gajeriyar kalma zuwa doguwa. Rufe rabi na biyu da yatsa ya karanta na farko, rufe na farko ya karanta na biyu, ɗage yatsa ya haɗa. Fara da waɗanda sautukansu duk an koya: *sunset, hilltop, dustbin, handbag, laptop, bedbug*. Daga baya *bedroom, football, raincoat, teapot, toothbrush, classroom*.

Yanka kati 24, rabin kalma a kowanne, su ba da kalma 12. Raba wa yara, kowa ya nemo abokin haɗinsa, su tsaya gaban aji a jere. A nan za ka ga inda gizo ke saƙa: wa zai tsaya a hagu?

Hausa tana sa ainihin abin a gaba. Jirgin sama jirgi ne, gidan waya gida ne, ɗakin kwana ɗaki ne. Turanci yana ajiye shi a ƙarshe: *bedroom* ɗaki ne ba gado ba, *toothbrush* buroshi ne, *handbag* jaka ce. Don haka a koya wa yaro ya fassara daga baya: *raincoat*, rigar ruwa. Tambayar da za a riƙa yi ita ce, "Wannan mene ne shi?" Amsar tana rabin ƙarshe. Gwada su da *houseboat* da *boathouse*: na farko jirgin ruwa ne da ake zama a ciki, na biyu ɗakin ajiye jirgi.

Jam'i ma kan ainihin abin yake sauka. *Toothbrushes* ake cewa, ba *teethbrushes* ba. *Footballs*, ba *feetballs* ba. Inda ainihin ya zo a gaba, can *s* ke zuwa: *mothers-in-law*.

Rubutunsu iri uku ne: a haɗe kamar *classroom*, da karan ɗori kamar *mother-in-law*, a ware kamar *bus stop*. Babu ƙa'idar da za ta raba maka su ko'ina, ƙamus ne alƙali. A furuci, nauyin murya yakan faɗa kan rabin farko: BLACKboard allon aji ne ko da kore ne, *black BOARD* kuwa kowane baƙin katako.

Abubuwa uku ke ɓata wannan darasi. Wasu ma'anarsu ba ta fitowa daga sassansu: babu man shanu a *butterfly*. Yara kan yi dariya in ka tuna musu cewa malam-buɗe-littafi ma ba malami ba ne, kuɗin cizo kuma ba a sayen komai da shi. Wasu kalmomin kuma kama suka yi da harɗaɗɗu: *carpet* ba ruwanta da *car* ko *pet*, *father* ba *fat* da *her* ba ce. Na uku ya fi cutarwa ga wanda ya koyi foniks da kyau: a *anthill* da *pothole* zai ga *th*, a *uphill* ya ga *ph*, ya haɗe su. Sai an raba kalmar biyu sannan a furta.

Nahawu: a gina kan abin da yaro ya iya

Kada a fara da ta'arifin suna da aikatau. A fara da jimlar da zai iya karantawa: *The man sat. Musa has a red cap.* Jerin aikau, aikatau, karɓau iri ɗaya ne a harsunan biyu: Musa ya sayi hula, *Musa bought a cap*. Yi kati kala uku, ɗaya ga kowane gurbi, goma-goma. Yaro ya zari ɗaya daga kowane tari ya gina jimla biyar a rana, ya kwafe su da babban harafi a farko da aya a ƙarshe.

Kuskuren farko zai fito nan take: *Musa he went*. Daga "Musa ya tafi" ya ɗauko, ya fassara "ya". Ƙa'idar gajeriya ce: ko suna ko wakilinsa, ba duka biyu ba. Ba shi katin *Musa* da na *he*, gurbi ɗaya ne a tebur, sai ya zaɓa.

Hausa ta raba komai namiji da mace, mota ita ce, gida shi ne. Saboda haka yaro zai ce wa mota *she*. Zuba abubuwa goma a tebur, cokali, hula, littafi, kwalba, ya ɗaga kowanne ya ce *It is a*, ya cika. *He* da *she* a bar wa mutane a wannan mataki. *You* kuwa rangwame ce: kai, ke, ku duk ita ce, kuma kullum da *are* take tafiya. *I am; he, she, it is; we, you, they are*: a rera su da tafi minti biyu kullum har mako biyu.

Muna cewa kwana uku, shekara biyar, naira goma, suna na tilo ga kuma adadi. Daga nan *three book* da *five year* ke fitowa. A Turanci adadi ya wuce ɗaya, sai *s*, kuma adadin ne a gaba. Furucinta uku ne: *s* a *cats*, *z* a *bags*, "iz" a *buses*. Masu taurin kai a koya su da hoto: *man, men, child, children, foot, feet, sheep, sheep*.

*A* da *an* sun yi kusa da "wani" da "wata", *the* kuma da ɗafin da ke ƙarshen "littafin" da "motar" idan an riga an san wanda ake nufi. Zaɓin *a* ko *an* na kunne ne: *an egg, an hour*, amma *a uniform*, domin da sautin *y* ta fara. Abin da ba a ƙirgawa ba ya ɗaukar ko ɗaya: *water, rice, advice, furniture*. Mallaka ma a juye take kamar harɗaɗɗiyar kalma: littafin Musa, *Musa's book*. Sifa kuma galibi gaban suna take zuwa; muna da farin gida da gida fari, su *white house* kawai gare su.

Lokutan aikatau su ne masu cin lokaci. A Hausa aikatau na nan yadda yake, abin da ke gabansa ke nuna lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Turanci yakan taɓa jikin aikatau ɗin. Ja layi uku a allo, jiya, kullum, gobe, ka ɗauki aikatau ɗaya ka bi da shi: *walked, walks, will walk*. *S* ta *he walks* ita ce ta fi saurin faɗuwa. Yi mata ɗan jan kati, duk wanda ya manta a ɗaga masa shi ba tare da magana ba. *Ed* ma furuci uku gare ta: *t* a *jumped*, *d* a *played*, "id" a *wanted*. Sai bayan *t* ko *d* take ƙara gaɓa, don haka *jumped* tafi ɗaya ce, ba "jam-ped" ba. Waɗanda ba sa bin ƙa'ida, *go, went, see, saw, eat, ate, buy, bought, take, took*, biyar a mako, kowanne cikin jimla.

A tambaya da korewa kuwa Turanci ya dawo tafarkin Hausa, kuma faɗa wa yaro haka yana kashe *Did you went?* da wuri. *Did* ta ɗauke lokacin, kamar yadda "bai" ta ɗauke shi a "bai tafi ba", saboda haka aikatau ya koma tsurarsa: *Did you go? He did not go. Does she eat?* Atisayen shi ne a ba shi jimla ɗaya ya juya ta gida uku: *Amina ate rice. Amina did not eat rice. Did Amina eat rice?* Jimla uku a rana, juyi tara ke nan.

Wajen gyara, zaɓi kuskure ɗaya a mako ka bi shi, sauran ka kau da kai. Littafin da aka cika da jan biro ba ya koyar da komai sai tsoron rubutu. In yaro ya ce *She go to school*, maimaita masa daidai, *She goes to school*, ya sake faɗa, a wuce.

Yadda za ka gane karatu ne ko hadda

Amshin aji yana rufa wa rabin yara asiri: biyar na gaba su karanta, sauran su bi baki. Kullum ware yara biyar, kowanne ya karanta maka kalma biyar shi kaɗai, minti ɗaya-ɗaya.

A Ingila tun 2012 ake yi wa yara 'yan kimanin shekara shida gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu marasa ma'ana. Dabarar ta cancanci aro, domin ƙagaggiyar kalma ba ta haddatuwa. Duk bayan mako huɗu rubuta kalma 20 daga sautukan da aka koya, goma na gaske, goma irin su *nop, fim, tas, vub*. Gaya wa yaro tun farko cewa waɗannan ba su da ma'ana, kada ya wahalar da kansa. Rubuta ainihin abin da ya faɗa, ba maki kaɗai ba. Wanda ya ce "pim" a gurbin *fim*, madubi zai koma. Wanda ya karanta na gaske duka ya kasa ƙagaggun, hadda yake yi, a mai da shi kan katuna uku da jan yatsa. Wanda ya san kowane sauti amma ya kasa haɗawa, a ajiye haruffa kwana biyu a yi da baki kawai: ka ce "mmm, a, t", ya faɗi kalmar, ko ma da Hausa, "k, a, i", ya ce kai.

In an yi zango guda ana wannan kullum yaro bai riƙe ko sautuka goma ba, a matso da shi layin gaba, a kuma shawarci iyayensa su kai shi asibiti a duba masa kunne da ido kafin a ƙara masa wani darasi.